Yadda Fatsa Ta Tayar da Hannun Yayana

Na yi ciniki iri-iri a garin Jidda, wani na ci riba wani na faɗi, kuma yawancinsu sun bi ruwa, ko fuskokin waɗanda muka yi da su ba na iya tunawa. Amma akwai wani hantsin Juma'a da na zauna a tsakar falona da sandar fatsa a kan cinya. Wannan kam, ko tsufa ya kwashe mini komai, ina jin shi zai rage.

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin firij ne da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Shagona yana Kurayyat, gidana yana Nuzla. Amma ba a nan aka haife ni ba. Mu Hausawan Sudan ne, ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da Sinnar. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, yayana ne ya ɗauki gidan a kansa, kuma da fatsa da kwalekwale ya ɗauke shi. Duk lomar da na ci har na zama mutum, daga ƙugiyarsa ta fito. Shi ne ma ya kore ni daga bakin ruwa. Ya ce surutuna yana korar masa kifi, in tafi inda ake biyan mutum don ya yi surutu. Na tafi, Allah kuma ya sa wa bakin albarka.

To wannan yayan nawa ne shanyewar ɓarin jiki ta kama. Na yi ta faɗi-tashin takardu har na samo masa bizar ziyara, na kawo shi Jidda. A asibiti an yi abin da za a yi. Ƙafa ta dawo, yana takawa da ɗan ja. Baki ya miƙe, magana ta fita. Hannun dama ne ya ƙi. Likitan gashi, wato mai motsa gaɓoɓi, wani mutum mai haƙuri, ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya: akwai sauran rai a yatsun, amma sai an sa su aiki kullum. In aka bar su zaune, za su dunƙule kamar ƙafar kazar da aka yanka, kuma in sun dunƙule sun daɗe, ba mai buɗe su. Ya ba mu wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce a zuba masa wake a faranti yana tsinta ɗaya-ɗaya.

Yaya ya dubi ƙwallon, ya dube ni, ya ce, "Mutumin da ya ja giwan ruwa ya fi ka tsawo, shi za ka ba wa ƙwallon yara?" Ya sa ƙafa ya tura ta ƙarƙashin gado. Waken kuwa ya ce a kai wa uwargida ta dafa, almubazzaranci ne.

Daga nan ya shige ɗaki ya zauna. Hannun yana ɓoye cikin jallabiya kamar kayan sata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. A gidanmu tire ɗaya ake ajiyewa kowa ya sa hannu, amma shi ya ƙi zama da mu, don ba zai ci da hagu a gaban mutane ba. Sai an kai masa ɗaki, ya tura ƙofa, ya ɗan tsakura ya turo sauran. Ni kuwa, da yake ɗan kasuwa ne, a tunanina duk matsala akwai abin da za a saya a kashe ta. Na sayo na'urar tausa, na sayo wata safar hannu mai waya, na sayo man zafi kala-kala. Duk suka taru a kan durowa suna kallonsa yana kallonsu. Na yi lallashi, na yi wa'azi, har faɗa na yi, abin da ban taɓa yi masa ba. Amsarsa ɗaya ce: "Auta, ka yanka mini tikiti in koma. Hannun nan ya gama aikinsa, ka bar shi ya huta." Kullum in na leƙa sai in ga yatsun sun ƙara lanƙwashewa.

Maiɗakina ce ta gano bakin zaren. Ita haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Wata rana na dawo daga shago ta tare ni a kicin, ta rage murya.

"Ya shekh, yau Yaya ya yi mini magana da kansa, ba tare da na tambaye shi komai ba."

Na ce, "Me ya ce?"

"Igiyar shanya ce ta tsinke, ina ƙullawa a bakin tagarsa. Sai na ji daga ciki an ce, ba haka ake ƙulli ba. Wallahi da na waiga, na ga yatsun nan suna motsi a ƙarƙashin riga, kamar su ke ƙullawa." Ta kama ƙugu ta dube ni. "Kai da kake cika baki ka iya ciniki, in mutum ya shigo shago ya ce ba ya saye, roƙonsa kake yi?"

Na ce a'a. Duk wanda ya san ni ya san ba na roƙon mai saye. In ya ce kallo kawai ya zo yi, sai in ba shi kujera a gaban mukayyif ɗin, in kunna, in kama hirar wani abu daban. Zafin Jidda da sanyin na'ura su za su yi cinikin, ni nawa karɓar kuɗi.

Ta ce, "Halas. To ka daina roƙonsa."

Washegari na bar shago na nufi wajen masu kayan kamun kifi, can kusa da kasuwar kifi ta Bangala. Na samu wani dattijo ɗan Yaman, na ce ina son kayan fatsa irin ta awwama. Awwama ita ce ɗan abin nan mai yawo a saman ruwa, wanda in kifi ya ja ƙugiya sai ya nutse. A gida totuwar kara muke yankawa, a nan kuwa ta roba ce, doguwa kamar alƙalami, kanta ja. Dattijon ya ɗauko mini wadda aka riga aka harhaɗa, komai a ɗaure, jefawa kawai za ka yi. Na ce ba ita nake so ba, a warwatse nake son komai: sanda da abin naɗe zarenta daban, zaren lailon daban, ƙugiyoyi a leda, dalma ƙanana da manya masu tsaga a tsakiya. Ya tambaye ni ko na iya haɗawa. Na ce ai rashin iyawar nake nema. Ya girgiza kai ya ƙulla mini kayan, ina jin ya ɗauka rana ce ta taɓa ni.

Ran Juma'a da hantsi, bayan an karya kumallo, na baje kayan a kan darduma, daidai inda ƙofar ɗakin Yaya take kallo. Ban ce masa komai ba, ban ko dubi wajen ba. Niyyata in yi kamar ban iya ba. Sai da na kama zaren na gane ba sai na yi kamar ba. Shekarun da na yi ina kwance kusoshin firij sun cinye komai. Na zura awwama kai a ƙasa. Na kwashi dalma na cusa su wuri ɗaya, dab da bakin ƙugiya, suka yi tuli kamar 'ya'yan carbi. Ƙugiyar kuma na yi mata irin ƙullin da nake wa kwali in zan ɗora a mota. Maiɗakina ta zo wucewa da tire, ta ɗaga murya ta ce, "Ma sha Allah! Ɗan masunta ba ya ɓuya."

Na kasa kunne wajen ɗaki. Can sai tari. Can kuma sai na ji muryarsa.

"Wace dabba za ka ɗaure da wannan?"

Na ce, ba tare da na juya ba, "Kifi, Yaya. Abokai ne suka ce mu je bakin teku, na ce musu ni gadon abin na yi."

"Ka ce musu ka gada? Ka ambaci sunan gidanmu?"

"Na ambata."

"Inna lillahi. Juya awwamar nan tukuna, ka sa mata ƙafa a sama kamar jemage."

Na juya. Ya ce in cire dalmar. Na cire, na mayar da su wani wurin da bai fi na farko ba. Ya yi ta ba ni umarni daga kan gado, ni kuma ina ta ɓatawa, wani da gangan wani da gaske. Har dai na ji jan ƙafarsa a kan tayil. Ya zo ya tsaya a kaina, sannan ya dafa bango ya zauna, ya fizge zaren da hagu.

"Alhajin mukayyif, buɗe kunnenka. Kifin ruwa mai tafiya ba wawa ba ne. Yana kwance kusa da ƙasa, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. In abincinka ya zo da gudun ruwa, zai ɗauka. In ya zo yana jan ƙasa, ko yana rawa a sama kamar mahaukaci, zai matsa masa ya wuce. Duk aikin awwama da dalma ke nan, su kai abincin daidai bakinsa, su kuma tafi da shi yadda ruwa ke tafiya."

Rabon da in ji ya jera magana haka tun kafin ciwon. Ya ce dalma ba a tara ta, rarraba ta ake yi. Babba a ƙarƙashin awwama don ta tsayar da ita, mai bi mata ta fi ta ƙanƙanta, haka har ƙasa, ta ƙarshe ƙarama kamar ƙwayar dawa, kuma a bar kamar kamu biyu tsakaninta da ƙugiya don abincin ya samu sakewa ya riƙa wucewa gaba. Ya sa aka kawo bokiti cike da ruwa. Ya ce za a yi ta ƙara dalma har sai jan kan nan kaɗai ya rage a sama, ta yadda ko kifi shinshina ya yi, za a gani.

A nan aikin ya tsaya. Dalma mai tsaga, sai an sa zare a tsagar, an riƙe ta a wurin, sannan a matse. Hannu ɗaya ba ya yi. Da can da haƙori yake matsewa, yanzu haƙoran sun yi saura kaɗan. Ya ce in riƙe masa zaren. Na riƙe, amma na sassauta, kuma wannan karon da gangan ne. Dalmar ta zame ta gangara ƙarƙashin kujera. Ya ɗauki wata, na sake sassautawa. Ya ce, "Kai, hannu ne da kai ko danƙo?" Na ce ya yi haƙuri, zaren ne santsi. A ta uku ya yi tsaki mai ƙarfi, ya ture hannuna.

Sai na ga jallabiyar ta motsa. Hannun ya fito a hankali, duk ya rame. Ya kai shi kan farantin da na zuba dalmar, babban yatsa da manuni suka yi ta lalube kamar makaho a baƙon ɗaki, har suka kama ƙwayar dalma guda. Ta faɗi. Ya sake kamawa. Mukayyif yana ta aiki amma gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ni na kafa ido a bokiti kamar akwai abin kallo a ciki, don na san in ya ga ina kallonsa zai mayar. Maiɗakina ta shige kicin ta kunna famfo, na san ba wanke-wanke take ba. Ya kai dalmar kan zare, ya riƙe ta da yatsun nan biyu, ya sa filaya a hagu ya matse. Ta zauna.

Ya sa ta biyu, ya sa ta uku. Muka jefa a bokiti, awwama ta miƙe tsaye, jan kanta kaɗai a waje.

Ƙullin ƙugiya ne ya gagara. Shi sai an naɗa zare sau da yawa a jikin ƙugiyar, a zura bakinsa ta ɗan madauki, a ja. Ya gwada, ya gwada, zaren yana kuɓucewa. Can ya yi jifa da ita, ya dafa bango ya miƙe, ya nufi ɗaki. Na ce a raina shi ke nan, na tura ciniki ya wuce wuri, mai saye ya fita. Na fara tattara kayan. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, bai waigo ba, ya ce, "Bar su nan. Kada ka sake taɓa su, kada kuma ka je ko'ina da sunan gidanmu sai na ce."

Ban sake ce masa uffan a kan hannu ba. Da safe in fita shago, in na dawo maiɗakina ta ba ni labari a kicin. Yau ya zauna da zare tun bayan fitarka. Yau ya zagi ƙugiya da Larabcin Sudan. Yau ya nemi a ƙara masa shayi. Ran nan ta nuna mini wani guntun kwali da ya soke ƙugiyoyi a jere, kowace da zarenta. Na farkon ƙullinsu ya yi kama da nawa, na ƙarshen kuwa sun kwanta lif, kamar an zana. Mutumin da ya ƙi matsa ƙwallo sau ɗaya, ga shi yana wuni yana wahalar da yatsun da kansa, don a wurinsa wannan ba gashi ba ne, aiki ne.

Wata rana da kansa ya ce, "To ina ruwan da za mu jefa fatsar?"

Muka fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. A hanya, da muka bi ta gefen teku, ya yi ta kushe shi. Wai ruwa ne marar alƙibla, ba ya zuwa ko'ina, sai hauka a wuri ɗaya, ga gishiri ko alwala ba daɗi. Na ci gaba da tuƙi har Abhur, arewacin gari, inda teku ya kutsa cikin ƙasa ya yi dogon hannu mai gaɓa biyu. Da muka sauka ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya gutsuri burodi ya jefa. Burodin ya kama tafiya a hankali, gefe guda. Ya ce, "Af. Wannan ai kogi ne ya ɓad da kama."

Ya auna zurfin wurin da dalma babba, ya matsar da awwama daidai, ya sa jatan lande a ƙugiya, wanda a nan muke kira jambari, ya jefa sama da inda yake tsaye ya bar ruwa ya tafi da ita. Ba ta yi nisa ba ta nutse. Ya fizga, sai ƙugiya ta maƙale. Ƙasan koginmu yashi ne da laka, abinci yana iya shafar ƙasa ya wuce. A nan kuwa duwatsun murjani ne masu rassa, duk abin da ya kusance su sun riƙe. Zare ya tsinke. Ya zauna ya ɗaura wata, ya jefa, ita ma dutse ya cinye. Ya yi ta faɗa da duwatsun kamar suna jinsa. Ni kuwa ina gefe ina yi musu addu'a a zuci, don duk ƙugiyar da suka ci, sabon ƙulli ne yatsun nan za su yi. Daga baya ya rage tsawon zaren da ke ƙarƙashin awwama, ya ɗaga abincin sama da kan duwatsu, ya ce, "Kowane ruwa da halinsa. Wannan ba a shafa masa ƙasa."

Rana ta ɗan ɗaga, jan kan nan yana tafiya, sai ya yi ƙasa kaɗan, ya dawo, sannan ya ɓace gaba ɗaya. Yaya ya ɗaga sanda da hagu, kan sandar ya lanƙwasa yana rawa. Sauran naɗe zare, kuma mariƙin naɗewar yana ɓangaren dama. Na matso zan kama masa. Ya ce, "Taɓa ka gani." Ya ɗora yatsun nan a kan mariƙin, ya juya, suka zame, ya mayar, ya juya. Haka, da ƙyar da jiɓin goshi, har kifin ya fito yana walƙiya. Irin wanda ake kira sha'ur ne a nan, bai fi tafin hannu da rabi ba. Na ce, "Yaya, wannan ne giwan ruwan?" Ya ce, "Ya fi wanda ka kama."

Shi kaɗai muka samu ranar. Maiɗakina ta soya shi, ta dafa shinkafa ja irin ta mutanen Jidda mai soyayyiyar albasa, ta ɗora shi a tsakiyar babban tire, shi ɗaya tilo kamar sarki. Tana shirin ɗiba ta kai ɗaki sai ga Yaya ya fito. Ya zauna a bakin tire, ya miƙa hannu biyu aka zuba masa ruwa, ya yi bisimilla, ya sa dama. Rabin lomar a kan jallabiya ta zube. Ba wanda ya gani, kowa ya duƙufa a gabansa. Ya sake ɗiba.

Sai da aka kusa cinyewa ya dube ni ta gefen ido.

"Auta, tsakaninka da Allah. Sassauta zaren nan da ka yi ta yi, na san da gangan ne, ba jiya aka haife ni ba. Amma ƙullin farko fa, wanda ka yi wa ƙugiya?"

Na ce, "Wallahi Yaya, wannan iyakar iyawata ke nan."

Ya ajiye ƙashin kifi, ya girgiza kai. "Abin da na ji tsoro ke nan. Da wasa kake, da na bar ka ka gaji. Amma na duba na ga da gaske ne. Na ce ba zan je in tarar da mahaifinmu ba, ya tambaye ni wa na bari a baya, in ce masa mai ɗaure ƙugiya kamar akuya."

Maiɗakina ta yi dariya har ta ƙware. Ni ma na yi, amma sai da na tashi na shiga wanke hannu na daɗe ban fito ba.

Ba zan yi ƙarya ba, hannun bai dawo duka ba. Ƙananan yatsu biyu sun lanƙwashe, haka suka zauna. Amma uku sun tashi, kuma da ukun nan yake cin abinci, yake gaisawa da mutane, yake jan carbi. Da bizarsa ta ƙare ya koma gida. Ba ya shiga kwalekwale yanzu, sai dai ya zauna a inuwa a bakin gaɓa, samari suna kawo masa fatsarsu yana haɗa musu yana zaginsu.

Na gode wa Allah da ya bar sauran rai a yatsun nan har muka farga. Na gode wa matar da ta lura da abin da ni, da duk wayon kasuwata, na kasa gani. Abin da na koya kuwa shi ne, mutumin da ya saba ciyar da wasu, ba a tayar da shi da hidima. Duk abin da na saya na ajiye masa, ƙara nuna masa nake yi cewa ya zama kaya. Bai motsa ba sai ranar da ya ga akwai abin da har yanzu ba mai iya yi sai shi. In kana da majinyaci irin wannan a gida, ka ba shi magani, ka ba shi abinci, amma ka nemi abin da za ka roƙa a wurinsa, kuma ya zama da gaske kana bukatarsa.